Baba da wufa biyu

Litinin, 3 ga Maris
Tsohuwar wufarmu ta mutu. Ita ce akwatin da ke ba kiɗa nauyi, in babu ita sauti sai ya zama kamar ana kaɗa gwangwani. Ga shi an ɗauke mu aikin sauti a taron yaye ɗalibai ranar Asabar. Baba ya ce gobe mu je kasuwa. Sau uku na ce masa to kafin ya ji. Shekara talatin yana tsaye gaban sifika, kunnen ya gaji, amma wa zai faɗa masa?

Talata, 4 ga Maris
Ni babba guda nake so, mai inci goma sha takwas. Baba bai ko saurari mai shago ba. Tafin hannu ya ɗora a kan kowane akwati, ya ce a ƙara murya, ya lumshe ido. Ya zaɓi ƙanana biyu. "Uwata, wannan ƙatuwar surutu ne da ita, kamar gwaggonki. Kuma bayan wa zai ɗauke ta?" Na yi dariya ban so ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Mama ta ce in lallaɓa Baba ya bar aikin, ya huta a gida bayan Asabar. Wai ni yake jin maganata. Na amsa.

Juma'a, 7 ga Maris
Gwaji a zauren makaranta. Na ajiye sababbin wufa biyun dama da hagu, na haɗa wayoyi. Jikin bango ƙirji na rawa, tsakiyar zaure kuwa fayau, ba nauyi. Na yi ta murɗa miksa, na'urar daidaita sauti, har gumi ya jiƙa mayafina. Shugabar makaranta tana leƙowa tana duba agogo.
Baba ya cire takalmi, ya taka zauren a hankali, ya dawo ya tsuguna yana kallon bakin sifikun. "Ɗaya na turawa, ɗaya na ja. Kin juya waya." Haka ne kuwa, na gyara ta. Ya sa muka haɗe sifikun a tsakiya, gefe da gefe. Dabe ya amsa har cikin haƙorana.
Baba ruwa kawai ya miƙo min.

Asabar, 8 ga Maris
An yi lafiya. Har iyaye sun taka.

Talata, 11 ga Maris
An kira mu wani aikin. Na ce a ajiye kujera biyu a teburin miksa. Ai jakata ma tana buƙatar wurin zama.
Mama ta kalli Baba, ta kalle ni. Na ce mata shayinta ya huce.