Kunkurun Ajin Su Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Gidan nan ba daɗi da ba kya nan.

Akwai abin da ke damuna. Malamar kimiyya ta ba Auta kunkurun ajinsu ta kula da shi har a dawo daga hutu, don ita ta fi kowa ƙoƙari a darasin. Tunda aka kawo shi ba mu da hira sai tasa. Wai shi da kifi da kwaɗo da ƙadangare duk suna da ƙashin baya irin namu, kuma yawancinsu ƙwai suke yi. Na sa kwalinsa a falo, kusa da kujerata.

To yanzu ya daina ci. Ya ja kansa ciki, ko latas aka kai masa ba ya motsi. Auta kullum kuka, tana cewa me za ta faɗa wa 'yan ajinsu.

Ni Hajiyar da ke zaune a ƙasanmu nake zargi. Ranar da aka shigo da shi ta tare mu a matakala tana yatsina fuska, ta ce gidan haya ba gidan dabbobi ba ne. Ke kuma kin bar mata makullinmu. Shekaranjiya na dawo daga ofis na tarar an juya kwalin, ga 'yar ƙasa a kan tabarma. Auta tana wajen karatu a lokacin. Na dai sa ido.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Baban Auta


Maman Auta,

Ina sake gaishe ki, tare da fatan Inna tana samun sauƙi.

Jiya na dawo da wuri, na kama Hajiya a matakala rungume da kwalin. Na faɗa mata maganganu a gaban maƙwabta, har na tambaye ta me take zuba masa. Ta ajiye kwalin a ƙafata, ta miƙo mini makullin, ta shige ɗakinta.

Na kira Malama a waya ina huci. Tambayarta ta farko ita ce a ina nake ajiye shi. Da na ce ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, sai ta gane matsalar. Ta ce irin waɗannan dabbobi masu sanyin jini ne, jikinsu ba ya samar da ɗumi kamar namu, ɗumin wurin da suke yake bi. In sanyi ya kama su ba sa iya motsi, ba sa iya narkar da abinci. Daga baya maƙwabta suka faɗa mini ashe Hajiya ta ji kukan Auta ne, take saukar da shi tsakar gida ya sha hantsi in mun fita. Da na faɗa wa Malama, ta ce da ba don haka ba da tuni ya mutu.

Yau ya wuni a baranda, har ya ci latas. Amma Auta ta daina yarda da ni. Ta ce da gangan nake ƙure sanyin don a mayar da shi, ta ɓoye rimot ɗin, kwalin kuma ta kai ɗakinta.

Na ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya da safe, ina jin motsinta a ciki, ba ta buɗe ba. Don Allah ki kira ta, ke tana jin maganarki. Ki ce mata gobe zan sake saukowa, kuma makullin yana hannun Auta in ta yarda ta karɓa.

Naki har kullum,
Baban Auta