Kwalbar Shaida ta Ƙarshe: Ta'aziyyar Malama A-Sake

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Binciken Cututtukan Hanji na Mutum da Dabba tana sanar da mambobinta, da abokan aikinta, da jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma tsohuwar shugabarta, mamba a kwamitin amintattu, shugabar ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta, babbar Farfesa wadda ɗalibai da direbobi da masu shara da manyan likitoci duk suka fi sani da Malama A-Sake. Allah ya karɓi ranta ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, a gadon asibiti, bayan jinyar wata uku, tana da shekara sittin da bakwai. Ta bar maigidanta, da 'ya'ya huɗu, da jikoki tara, da ɗaliban da mu kanmu ba mu san iyakarsu ba. Mun jinkirta wannan sanarwa har kwana goma, kuma ba sakaci ya jawo ba: wani aiki ta bar mana wasiyyarsa, muka ga bai dace mu yi magana a kanta ba sai mun gama shi.

Marigayiya ta shafe shekara talatin da takwas tana bin diddigin wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke zama a hanjin mutum da na dabba, waɗanda ido ba ya gani, amma su ne ke sa yaro gudawa har ya rame, su sa maraƙi ya kasa tashi. A ƙarƙashin madubin gwaji, wadda ta fito daga cikin yaro da wadda ta fito daga cikin akuya kamar an tsaga kara suke, sai an fasa su an karanta ƙwayoyin halittarsu ake gane ko jinsi ɗaya ne, daga nan kuma ake sanin wa ya shafa wa wa. Ita ce ta kafa ɗakin farko da ake wannan karatu a cibiyarmu, a wani tsohon ɗakin ajiya mai taga ɗaya, da firji guda wanda sai an tokare ƙofarsa da kujera yake rufuwa. Aikin ba mai ƙamshi ba ne, kowa ya sani. Dangi sun sha yi mata tsiya cewa duk wannan dogon karatu ta yi shi ne don ta dawo tana tsintar kashin awaki da cokali, ita kuwa sai ta ce: “Ai kashin bai taɓa yi mini ƙarya ba, ku ne ban tabbatar ba.” Shekarar da wuta ta lalace a cibiya kwana tara, kwalabe ɗari biyu ta kwasa ta kai firjin gidanta, kuma maigidanta, dattijon arziki mai haƙuri, ya shaida mana cewa wata guda ya yi bai sha ruwan sanyi ba.

Sunan da aka san ta da shi, a wurin aiki ta samo shi. Duk wanda ya kawo mata sakamako yana murmushi, takan ɗaga tabarau ta duba, ta miƙa masa takardarsa ta ce a sake. Kuma tana da ƙa'ida ɗaya da ba sani ba sabo a kanta: a kowane zubi na gwaji, kwalba ta farko ba a sa mata komai sai tataccen ruwa. Wannan ita muke kira kwalbar shaida. Tunda ba cuta a cikinta, dole ta fito fes. In kuwa layi, alamar cuta, ya bayyana a kanta a hoton sakamako, ko da siriri ne kamar gashi, to wani abu ya gurɓata aikin daga tebur ko daga hannun mai yi, kuma duk sauran kwalaben zubin sun zama shara. Mun ga ta zubar da aikin mako shida saboda wannan, ba ta ko yi tsaki ba.

Ƙungiya tana da lambobin yabo da takardun bincike da za ta iya lissafa wa marigayiya har shafi ya cika, amma abin da muka fi alfahari da shi ya faru ne a wata goma sha huɗun ƙarshe na rayuwarta. A wata unguwa da ke gefen gari, inda gidaje sittin da uku ke rayuwa da kiwon shanu da awaki da sayar da madara, gudawa ta ɓarke tsakanin ƙananan yara, aka kwantar da yawa, aka rasa uku. Hankali ya tashi, maƙwabta suka nuna dabbobin da yatsa, hukumar lafiya ta gari ta shirya umarnin kwashe duk wata dabba daga unguwar, ta kuma nemi ɗakinmu ya tabbatar mata. Rahoton farko ya fita da sa hannun marigayiya, yana cewa jinsin da ke cikin yaran shi ne na cikin maruƙa. Aka ba masu kiwo kwana talatin, ko su sayar ko su tashi.

Wannan rahoto kuskure ne, kuma mai sa hannu a wannan sanarwa, wanda yake mataimakinta a lokacin, shi ya yi kuskuren. Na faɗa yau a bainar jama'a domin ita ba ta taɓa faɗa ba. Saboda matsin da ake mana, na yi aikin kashin maruƙa da safe, na yi na yara da rana, a tebur ɗaya, da abin zuƙo ruwan gwaji ɗaya. Da hoton sakamako ya fito na ga wani ɗan dishi-dishin layi a kan kwalbar shaida, na ce wa kaina datti ne a jikin hoto, na yanke gefen, na kai mata sauran. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta nemi ganin cikakken hoton. Ta daɗe tana kallonsa, ni kuwa ina tsaye, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: “Dakta, shanun mutane ka yanke da almakashi.” Tun daga ranar take kirana Sarkin Gaggawa, kuma na amsa, domin na cancanta.

Akwai waɗanda suka ba ta shawarar a yi shiru, tunda rahoto ya riga ya fita, kuma janye shi zai zubar da mutuncin cibiya. Washegari ta ɗauki jakarta ta tafi gaban hukuma, ta ce rahoton da ta sa wa hannu ba abin dogaro ba ne, laifin kuma nata ne, domin ita ce ba ta nemi ganin kwalbar shaida ba kafin ta sa hannu. An yi mata dariya a wasu wurare, an cire ta daga wani babban kwamiti, wasu da ta koyar ma suka riƙa kauce mata a taro. Ta tsaya kai da fata har aka dakatar da umarnin, bisa sharaɗin a kawo sabon rahoto kafin zaman hukuma na wannan wata, in ba haka ba umarnin ya fara aiki.

Sai aka sake, daga tushe. Ta raba ɗaki biyu, na mutum daban, na dabba daban, kowane da tebur da kayan aiki da rigunansa. Ta bi gidajen nan sittin da uku da ƙafarta, rani da damina, ta karɓi samfur ɗari shida da arba'in daga yara da manya da maruƙa da 'yan awaki, da ruwan rijiya da na randa. Ba kowa ya tarbe ta da fara'a ba. Wata dattijuwa mai shanu huɗu, wadda da madararsu take riƙe marayun ɗanta, ta tare ta a ƙofar gida ta ce: “Ke ce kika ce shanuna sun kashe 'ya'yan mutane, yanzu kuma kin zo neman kashinsu?” Marigayiya ta amsa mata cewa ita ce, kuma ta zo ne ta gano ko ƙarya ta yi. Daga baya wannan dattijuwa ce ta riƙa shiga gaba tana buɗe mata ƙofofin maƙwabta.

Ciwon ya yi mata tsanani saura zubi ɗaya, kwalabe arba'in da takwas, waɗanda suka ƙunshi ruwan rijiyar unguwar da samfurin yaran da suka fi jin jiki. A gadon asibiti ta sa babbar 'yarta ta kawo mata takardun manna wa kwalabe, ta rubuta lamba ɗaya da hannunta, ta ce a manna wa kwalbar shaida. Sannan ta ja mana kunne cewa in ta riga mu tafiya kada a rufe ɗakin gwaji da sunan makoki, domin hukuma ba za ta ɗaga zamanta ba, shanun mutane kuma ba su san an yi mutuwa ba. Bayan kwana biyu ta cika. Muka raka ta, muka dawo muka sa safar hannu.

Ƙungiya tana sanar da jama'a, cikin alfahari, sakamakon aikin marigayiya. Jinsin da ya kwantar da yaran na mutane ne, daga mutum yake zuwa mutum, kuma an same shi a ruwan rijiyar unguwar, inda bincike ya gano wani tsohon bututun masai da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa taku ashirin daga bakinta. Dabbobin suna ɗauke da nasu jinsin daban. Marigayiya ba ta wanke su gaba ɗaya ba, domin ba halinta ba ne ta faɗi abin da ba ta gani ba: an samu jinsin da mutum da dabba ke tarayya a kansa a cikin maruƙa bakwai 'yan ƙasa da wata biyu da mutum uku masu kula da su, kuma rahoton ya ba da shawarar a ware wa maruƙa wurin kwana, a kuma riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa su. A zamanta na jiya, hukumar ta janye umarnin kwashe dabbobin, ta rufe rijiyar, ta tura masu gyaran bututu. Gidaje sittin da uku suna nan da dabbobinsu. Dattijuwar nan mai shanu huɗu ta zo cibiya da yamma, tambayarta ɗaya ce, ko Malama ta ji kafin ta tafi. Ba mu iya yi mata ƙarya ba.

A madadin shugaban ƙungiya, da kwamitin amintattu, da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga mai girma maigidanta, wanda ya raba firjinsa da rayuwarsa da wannan aiki ba tare da ƙorafi ba, da 'ya'yanta huɗu waɗanda suka tashi suna jin a sake a kan wanki da aikin makaranta, da jikokinta, da ƙannenta, da duk wanda wannan rashi ya shafa. Mun yi rashin uwa, kuma zukatanmu sun karaya, amma muna ɗaga kai idan aka ce mu ɗalibanta ne. Muna roƙon Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya kuma kyautata namu ƙarshen.

Ga iyalanta muna da saƙo ɗaya na musamman. Kwalbar da ta rubuta wa lamba da hannunta ta fito fes, ba layi ba dishi-dishi, kuma wannan karon cikakken hoton yana nan, ba wanda ya taɓa gefensa. Da muka gani, mu shida a ɗakin, ba wanda ya yi murna, domin kowa ya san abin da za ta ce da tana tsaye a bayanmu. Saboda haka muka ɗauko sababbin kwalabe.

Mun sake, Malama. Ta sake fitowa fes.

Sa hannu:
Dakta Sarkin Gaggawa, kamar yadda marigayiya ta raɗa mini
Kakakin Ƙungiya kuma Muƙaddashin Shugaban Ɗakin Gwaji
A madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu