Fatalwar Waya Ta Jawo Mini Ruƙiyya

Anti Rahma, don Allah ki agaza mini kafin Juma'a.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina aikin ofis a unguwar Ndogbong. Daga aiki sai tukunya, daga tukunya sai wanki, har na manta rabona da yin abu don daɗin raina. Sai ƙanena Affan ya saka mini wani wasa a waya. Anti, kamar don ni aka yi shi! An kulle ka a tsohon gida, kowane ɗaki da sarƙaƙiyarsa, sai ka gano dabarar buɗe ƙofa kafin fatalwar matar gidan ta iso. Ɗaki guda ba ya wuce dahuwar shinkafa, in kuma na ajiye, yana jirana inda na tsaya. Cunkoson motocin da nake tsine wa, yanzu ba na ƙin ya daɗe. Wallahi ina jin daɗi.

To, abin sauraro na kunne nake sawa, ba mai jin sautin sai ni. Surukata Hajiya Delu, da muke zaune tare, ta sha iske ni a kicin ni kaɗai, ina raɗa wa fatalwar kada ta shigo. Ran nan na yi ƙara na yar da ludayi. Ta tambaya, kunya ta sa na ce ba komai. Tun daga nan take turara gidan, tana yi mini tofi a ruwan sha, abinci ma ba ta ci sosai. Ta ce iska ce, ta kira malam ya yi mini ruƙiyya ranar Juma'a. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ta raina ni, ta sa mijina ya hana ni. Saura ɗakuna kaɗan fa in fita gidan nan.

Mai Abin Kunne, New Bell

'Yar'uwa, kin ba ni dariya. Wasanki ba laifi ba ne. Jiki da jini ne, kuma hutun da bai taɓa sallarki ko girkinki ba, haƙƙinki ne. Laifin yana wajen "ba komai" ɗin nan.

Kada ki bari malam ya taka ƙofar. Faɗa wa mijinki yau, gobe ki zauna kusa da Hajiya, ki cire abin kunnen, ta ga matar da kike hanawa shigowa. Za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki ba ta haƙuri. Daga nan ki riƙa bugawa a tasi, ki bar kicin.

Ki tuna, ke kina kashe tsoronki da yatsa da zarar shinkafa ta nuna. Ita baiwar Allah tana yawo da nata yini guda, kuma don ke take yinsa. Fara fitar da ita, sannan ki koma ɗakunanki.

Allah Ya bar ku tare, Ya sa ki fita gidan fatalwar nan lafiya.