Macijin da Babu Shi a Littafi

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Tela maƙwabcina ne ke rubuta min, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Mutanen maɗaba'a sun sake dawo min da zane, na bakwai ke nan. Wai bangon bai dace da littafin ba, wai babu macijin ƙarfe mai fiffike ɗaya a ciki. Ƙarya suke yi! Shekara arba'in ina zana musu jiragen zuwa taurari da dodannin ƙarƙashin teku. Ban iya karatu ba, an ji, amma uwarki ce ke zama kan kujerar nan ta bakin taga tana karanta min shafi bayan shafi, ni kuma ina haɗa fenti. Da kunnena na ji macijin nan. Yanzu da ƙasa ta rufe ta, so suke su mai da ni mahaukaci. Ke kuma da kike aiki a cikinsu, ko tari ba ki yi ba. Na riƙe wannan.

Ki huta lafiya.
Ubanki.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara lafiya.

Na karanta littattafan nan bakwai duka. Babu maciji, Baba. Babu garin nan da ka zana yana rataye jikin gajimare.

Shekara huɗu kafin rasuwar Inna idonta ya daina ganin rubutu. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Ta ce ranar da ka sani za ka ajiye burushi, don ba za ka yarda wani ya karanta maka ba. Riƙe takardun kawai take yi, tana juyawa, tana ƙago labarin da kanta. Na taɓa shigowa na tarar ta riƙe su a juye.

Ka yafe min. Ka yafe mata.

'Yarka.

'Yata,

Na gaishe ki. Tela ya karanta min sau uku. Na kore shi, na sake kiransa.

Ban yafe ba. Ta tafi ba ta gaya min ko macijin ya samu ɗaya fiffikensa ba, ta ce sai littafi na gaba. Ki ce wa mutanenki su riƙe littattafansu.

In ta faɗa miki ƙarshen, ki zo ran Asabar, kujerar tana nan. In ba ta faɗa ba, ki zo, ki ce min ta faɗa.

Ubanki.