Bangon da Na Gina Miki, Kemilembe

Zuwa ga Kemilembe, amaryata ta kwana goma sha tara, sanyin idona, farin watan zuciyata. Ke da muryarki ta fi mini saukar ruwan farko a kan ganyen ayaba daɗi, ke da ƙamshinki yake kamar na sabuwar ciyawar da ake shimfiɗawa a ɗaki ranar biki. Gaisuwa daga mijinki, in har yanzu kin yarda a kira ni haka.

Wata biyar ke nan rabona da fuskarki. Sau huɗu ina hawa tudun Kamachumu, sau huɗu Mama, mahaifiyarki, tana tare ni a bakin hanya, ta miƙo mini 'ya'yan gahawa in tauna kamar kowane baƙo, ta ce, "Ɗana, ƙafar tana warkewa, har ta fara takawa da sanda. Zuciyar ce da saura." A zuwana na ƙarshe ta faɗa mini abin da ya hana ni sakat: wai kin ce ba za ki sake taka gonarmu ba, don ke kika kashe Baba, mahaifina, kuma ba ki da idon kallon kabarinsa a cikin ayaba. Wayyo Kemi! Wa ya ɗora miki wannan kaya? Sauke shi, masoyiyata, ba naki ba ne. Nawa ne, shi ya sa na ɗauki biro yau.

Kin tuna ranar da na kai ki ki ga gidan, saura mako uku biki? Iska tana tasowa daga tafki, kina riƙe da gefen zanenki, kika ƙwanƙwasa bango da yatsa kika ce, "Kai magini, wannan sheƙi haka? So kake in riƙa duba fuskata a bango in huta da madubi?" Na bushe da dariya, na buga ƙirji na ce ai ni ba zan ajiye ki a akurkin kaji irin bukkar ciyawar kakarki ba. Kika harare ni, hararar nan taki da ta fi mini murmushin kowace mace. Ranar ji nake duk Bukoba babu namiji kamata.

To ga abin da ban faɗa miki ba. Simintin da nake da shi ba zai isa abu biyu ba. Ko in haɗa bulo da shi in zuba linta, wato ɗamarar nan ta kankare da rodi da ke riƙe bango huɗu wuri ɗaya, ko in yi filasta da daɓe mai ƙyalli. Na zaɓi ƙyalli. Na jera jan bulo da laka, na shafe fuskarsa da siminti sumul, don ki gani ki yi murna, don danginki su zo su riƙe baki. Rwegasira abokin aikina sai da ya ce, "Mutalemwa, gida ba ɗamara? Kanka ɗaya kuwa?" Na ce masa, "Kai matsoraci, tun da aka haife ka ka taɓa ganin ƙasa ta yi rawa?"

Sai ga Asabar ɗin nan, ƙarfe uku da 'yan mintuna. Ina cikin gari a kan wani gini, ban ga komai da idona ba, Gwaggo Kokutona ce ta ba ni labari. Kina ƙuryar ɗaki, don amarya ba ta fita sai watanta ya cika, kuma ba ta haɗa ido da surukinta. Baba yana zaune a kujerarsa ta katako daidai ƙofar gida yana tsince gahawa. Ƙasa ta yi gurnani kamar babbar mota ta biyo ta ƙarƙashi. Gwaggo ta ƙwala miki kira daga madafa, kika taho da gudu har bakin ƙofa, kika ga Baba a gabanki, kanki ba lulluɓi, sai kika juya ɗauko zane. Baba ya ce, "Ke! Yau ba ranar kunya ba ce!" Tsohon da ke jan gwiwa tun ina yaro, wai tsalle ɗaya ya yi ya bi ki ciki. Sai gidan ya rufta a kanku.

Wannan taku ukun da kika yi baya, shi kike kira laifi? Haba, hasken raina! Kunyar da aka koya miki tun kina goye, ita za ta zama kisan kai? Gidan kirki yana ba mace lokacin ɗaukar zanenta. Gidan maƙwabcinmu mai linta ya tsattsage, amma yana nan tsaye, ko kaza bai danne ba. Bukkar kakarki da na yi wa gori ta yi tangaɗi ta koma daidai, kuma yau a cikinta kike kwance.

Bayan mun yi makoki, injiniyoyi sun tara mu magina a bakin tarkacen gidanmu. Wata mace a cikinsu ta ce ƙasar da muke takawa manyan faifan dutse ne da ke jan juna a hankali, shekara da shekaru ba a ji, sai rana ɗaya su zame lokaci guda. Ta ce za ta sake motsawa, ba wanda ya san ranar, amma kowa na iya sanin irin bangon da yake kwana a ƙarƙashinsa. Sai ta sunkuya ta ɗauki bulo biyu, ta murje abin da ke tsakaninsu da yatsa, ya zube kamar garin rogo. Ta ce, "Wa ya gina wannan?" Rwegasira ya sunkuyar da kai. Dattawa suka ce ikon Allah ne. Ni kuwa na yi shiru, kuma wannan shirun ne ya bar ki wata biyar kina zargin kanki.

Kemi, ba ni da lafiya. Kullum ƙarfe uku ta wuce, in motar ayaba ta gifta kofuna suka yi ƙara, sai dai in tsinci kaina a tsakar gona ba takalmi. Kujerar Baba tana nan inda ya bar ta, ba wanda ya iya ɗagawa. Ta gefen ido nakan gan shi a kai yana tsince gahawa, in na waiga sai kujera kawai. Na wanke hannuna har ya yi fari, amma har yau ina jin lakar nan a ƙarƙashin farcena.

Na yi sabon gida. Ƙarami ne, kuma wallahi mummuna ne, za ki yi dariya. Ɗamara uku na yi masa, ƙasa da tsakiya da sama, rufinsa ba nauyi, ƙofa biyu kuma duk waje suke buɗewa. Akwai tebur mai kauri da mutum zai shige ƙarƙashinsa ya riƙe ƙafarsa in ƙofa ta yi nisa, kuma ban rataye komai a saman gado ba. Ban yi filasta ba, ba kuma zan yi ba sai kin zo da ƙusa kin karce tsakanin kowane bulo da hannunki. Gwaggo ma ta tara matan dangi ta ce daga yau duk amaryar da ta ji ƙasa ta motsa, ta fito ko da ba ɗankwali, ko surukai goma ne a ƙofa.

Saura abu ɗaya, wanda ba ki ji ba don kin suma. Da na iso muka tona da hannu, mun same shi a kife a kanki, bangona a gadon bayansa, da sauran numfashinsa. Shi na fara kamawa, ba zan ɓoye miki ba. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Sakarai, sake ni. Fara ciro 'yata." Bai ce amarya ba, bai ce matar ɗana ba. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

In kin karanta wannan kika ga ba za ki iya zama da wanda ya gina wancan bango ba, ba ni da bakin magana, zan ci gaba da son ki daga nesa. Amma don Allah, tauraruwata, ki zo ko sau ɗaya ki gaishe shi, ba lulluɓi. Bai taɓa ganin fuskarki da kyau ba, kuma 'yarsa yake jira.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har ranar da za a kwantar da ni kusa da shi a cikin ayaba,

Mutalemwa