Hannun Ramatu

Daren Talata, Yuni 1994, unguwar New Bell

Yau na ga hannun Ramatu. Tun kafin damina take sa riga mai dogon hannu duk zafin garin nan, ni kuwa ina bin gidajen suna ina cewa 'yata ta san sutura, iyayen masu matsattsun kaya su zo su koya. Ashe ciwo take ɓoyewa.

Na shiga ɗaki tana shirin wanka. Daga gwiwar hannu har kafaɗa fatar ta yi ja, ta saɓule wuri-wuri, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin. Man bilicin ne, irin wanda ake haɗawa a kasuwa.

Na fara faɗan da na saba, cewa wanda ya halicce ta baƙa bai yi kuskure ba. Ta bari na gama.

"Mama, madam mai shagon da nake aiki ta ce mai sayen turare a unguwar Akwa fuska yake fara kallo. Ta kori abokiyar aikina Zinatu saboda duhun fata. Tun da kamfani ya sallami Baba, aikin wa muke ci?"

Na ɗauko man kaɗe ina shafa mata a hankali, tana cije leɓe. Na ce ta daina. Ta ce to, ba ta dube ni ba.

Yanzu ta yi barci. Na san kwalbar man tana ƙarƙashin katifarta. Na je na tsaya a kanta, na dawo hannu wofi. Ya Allah, kana gani.