Motar Da Na Jira Wa Baba

Tafoki,
20 ga Satumba, 1956.

Zuwa ga yayana Mamuda, a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan zama. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ba mu haƙurin abin da ya same mu. Mu nan jiki lafiya lau. Dada tana cikin takaba, ta rame, amma tana cin abinci kaɗan kaɗan. 'Yar'uwarmu Hajaratu ta zo daga Pauwa tana zaune da ita. Matata Mero ta sauka ranar Lahadin da ta wuce, namiji, za a sa masa sunan Baba. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ta fara fitar da kai.

Na san wayar tangarahon da aka buga maka ta isa, ka ji Baba ya rasu. Amma waya ba ta faɗin yadda aka yi. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, don haka ka yi haƙuri da karkatar layi. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa ba, don ba na son kunne na uku ya ji.

Ranar Alhamis Baba ya dawo daga gona yana riƙe da mara. Tsohuwar ƙabar nan tasa ce ta murɗe. Aka yi jiƙe-jiƙe, ba ta saki ba. Da safiyar Juma'a disfensa, malamin asibitin nan, ya zo daga Faskari a kan keke, ya duba shi, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai an yi aiki a babban asibiti a Zariya, kuma a tafi yau, kada a kwana. A lokacin kuwa kitikar Rabo, motarsa ta ɗaukar kaya, tana bakin masallaci ana loda mata ƙiraga. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka ya saye ta. Tsohuwa ce tukuf, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, warin fata kuwa tun daga nesa yake yi maka sallama. Rabo da kansa ya shigo gida ya ce zai sauke kayan, a shimfiɗa katifa a baya, a tafi yanzu. Dada ta ce a yi hakan. Na tambayi Baba, ya ce ko a jaki ne a ɗora shi, shi dai a kai shi inda za a raba shi da wannan azaba.

Ni ne na hana. Yaya, ka san halina da motoci tun muna yara, ni ne mai zaman tasha ina haddace sunayensu kamar za a yi mini tambaya a kansu ranar lahira. To, bara Alhaji Nata'ala na Yankara, abokin fataucin Baba na dā, ya sayi wata doguwar mota baƙa, irin wadda sai manyan sarakuna da Turawa ake gani a ciki. Saboda tsuntsun ƙarfen da ke bisa hancinta ake ce mata Mai Shaho. Ba irin labarin da ban ji a kanta ba. Wai ko ƙwaryar nono ka ɗora a kujerarta ba za ta zube ba. Wai ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Wai wanda aka kawo asibiti a cikinta, likita da gudu yake fitowa tarbarsa. Duk masu faɗin haka, har da ni, ba wanda ya taɓa ko taɓa murfinta, amma da za a ce mu rantse, da mun rantse. Na ce ubanmu, Malam Barau guda, ba za a kwantar da shi inda ake kwantar da fatun shanu ba, gari na kallo. Na ce kitika za ta jijjiga shi har ta ƙarasa shi, Mai Shaho kuwa ko ta tashi a makare za ta riga ta isa. Na ɗaga murya har Dada ta bar mini maganar.

Na hau keke na tafi Yankara. Alhaji bai ko bari na gama magana ba ya ce mota ta Barau ce. Sai dai ta kai baƙi Gusau, sai gobe da safe za ta dawo. A nan ya kamata in juyo da gudu in tarar da Rabo. Ban juyo ba, a can na kwana. Na ce kwana ɗaya ai ba wani abu ba ne ga motar da ke tashi kamar iska. Da yammar nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Asabar da hantsi muka iso Tafoki a cikinta, ni da direban Alhaji, wani mai suna Mani. Ba zan ɓoye maka ba, da na ga mutane sun fito ƙofar gidajensu, wasu har suna durƙusawa, sai da na ji daɗi a raina, alhali ubana yana ɗaki ko magana ba ya iyawa sosai. Wannan jin daɗin shi ya fi komai ci mini rai yanzu. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa bisa cinyata. Mani ya ce shi hanyar ba ta kwanta masa ba, motar ta kan titi ce, cikinta a ƙasa yake. Na ce masa ya ja kawai, ai Mai Shaho ce.

Ba mu yi mil huɗu ba muka iso rafin nan da ke kusa da rugar su Ardo, inda muke kai shanu shan ruwa. Ruwa ya janye ya bar laka. Muna shiga motar ta zauna daram, ƙafafun baya suna juyawa a banza. Ban tsorata ba da farko, don ga mutane a gonaki hagu da dama, ga ruga ana hangen hayaƙinta. A wurin nan kitikar Rabo ta sha kafewa, kuma kafin ya fito an taru an cicciɓe ta ana yi masa tsiya. Amma da na fito na ɗaga hannu, sai na ga mutane suna yar da fartanya suna shigewa cikin dawa. Na manta lokacin jangali ne. Su a saninsu, baƙar mota irin wannan ba ta shigowa daji sai da masu ƙirgar shanu ko masu ɗibar mutane aikin hanya. Na ruga rugar, na tarar da tukunya a kan wuta, an kore shanu, ba kowa. Na bi gonaki ina kiran mutane da sunayensu, mutanen da muke cin kasuwa tare, ina cewa ni ne Gide na Malam Barau. Ba wanda ya amsa. Daga baya wani ya gaya mini sun ji ni sarai, sun ɗauka an sa ni gaba ne in yaudaro su.

Ni da Mani muka yi ta haƙa da hannu, muna cusa rassa, tun kafin azahar har rana ta karkata. Ina haƙa ina leƙa Baba. Sau ɗaya ya buɗe ido ya tambaye ni ko mun kusa, na ce masa mun kusa. Sai wajen la'asar wata tsohuwa, Talatu mai daddawa, da ƙafa ba ta bar ta ta gudu ba, ta lallaɓo ta leƙa ta taga ta gane shi. Ta ƙwala salati, sannan mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin su taru Baba ya cika. Mutum goma sha biyu ne suka sa hannu, ko minti biyar ba a yi ba suka fitar da motar, muka juya kanta gida.

Motar ba ta yi laifi ba, mutanen ma ban riƙe su ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kowa ya gaya mini haka, kuma na yarda. Abin da ya fi ƙarfina shi ne yabo. Duk wanda ya zo gaisuwa, daga Ƙanƙara har Sabuwa, sai ya kama hannuna ya ce na fitar da ubana kunya, Malam Barau ya yi mutuwar manya, a cikin Mai Shaho ya cika. Idan ka zo gida haka za su faɗa maka, shi ya sa nake so ka riga su jin gaskiya daga bakina.

Ranar sadakar bakwai Rabo ya zo. Na ja shi gefe na tambaye shi yadda ya sami hanya ranar Juma'ar nan. Ya yi ta kauce-kauce, yana cewa in bar maganar. Na matsa masa har ya sunkuyar da kai ya ce rafi a bushe ya wuce shi, a Funtuwa ya yi sallar Juma'a, la'asar kuwa a Zariya ta same shi.

Ka gaishe mini da Suwaibatu da yara, da Kawu Bilya idan yana nan bai tafi sayen goro ba. Hajaratu da Mero da Fatsuma duk suna gaishe ka. Dada ta ce in gaya maka ka yi ta yi wa Baba addu'a, kuma kada ka tayar da hankalinka a kan zuwa sai ruwa ya ɗauke. Har yau ba ta ce mini komai a kan maganar ba, ni kuma na kasa haɗa ido da ita. Ka yafe mini, Yaya, in za ka iya. Idan amsarka ta zo, wataƙila in sami ƙarfin shiga ɗakinta in roƙe ta.

Ni ne ƙanenka,
Gide Barau.